Kalma ɗaya ta cinye maganar Nasiru

Nasiru (Izmir): Salamu alaikum. Raina a ɓace yake. Jiya na sa hoton zaman da muka yi da matasan Girka, sai wani a cikin zauren nan ya biyo ni ta akwatin sirri wai na zama ɗan amshin shatan maƙiya. Su takwas suka tsallako ta jirgin ruwa daga tsibirin Lesbos zuwa garin Aibalik da ke nan gaɓar Turkiyya, muka kwana biyu tare. Wata yarinya cikinsu ta zo da sunan ƙauyen kakarta rubuce a takarda. An kwashe dangin kakar daga nan ne lokacin musayar al'umma ta 1923, sa'ad da Kiristoci sama da miliyan ɗaya suka koma Girka, Musulmi kusan dubu 400 suka koma Turkiyya. Abokina Baturke ya ce nasa kakan daga tsibirin Kirit na Girka aka kawo shi, har ya rasu da Girkanci yake ƙirga kuɗi. Su biyun suka yi shiru suna kallon takardar nan. Har mamayar da Turkiyya ta yi wa tsibirin Saifurus a 1974 an tattauna ba wanda ya ɗaga murya. Ni dai na yarda irin wannan zama na iya gyara abin da shugabanni suka kasa.

Malam Sabo: Wa'alaikumus salam. Gyara bakinka ƙanena, wace mamaya? Ceto aka je yi. Sojojin da ke mulkin Girka ne suka kitsa kifar da shugaban Saifurus, Makarios, ranar 15 ga Yuli, Turkiyya ta shiga ranar 20. Da ba ta shiga ba, da wa zai tsaya wa Turkawan tsibirin?

Hajiya Rabi: To Malam, wanda ya je ceto shi ne yake shekara 50 bai tashi ba? Sama da kashi ɗaya cikin uku na tsibirin fa aka riƙe. Gwamnatin da suka ayyana a arewa a 1983, ban da Turkiyya wa ya amince da ita?

Malam Sabo: Yarjejeniyar 1960 ta lamunin 'yancin Saifurus ta ba ta damar shiga, Hajiya. Ki je ki karanta.

Hajiya Rabi: Kai ka karanta ta?

Ɗan Bello: Malam ya faɗi gaskiya. A 2004 da aka yi ƙuri'ar raba gardama kan shirin Kofi Annan na sake haɗe tsibirin, Turkawan Saifurus kashi 65 suka ce a haɗe, Girkawa kashi 76 suka ƙi. Amma su aka shigar Tarayyar Turai. Wannan ma mamaya ce?

Usman Maraɗi: Ɗan Bello, kai da Turkiyya ke biya wa kuɗin karatu, me za ka ce dama? Bakin da ya ci shi ke godiya.

Ɗan Bello: Mahaifina ne ya sayar da gonarsa ya biya min, Usman. Ka janye wannan magana.

Usman Maraɗi: In haka ne na janye ta gonar. Ta mamaya tana nan.

Nasiru (Izmir): Don Allah jama'a, ba Saifurus na kawo ba. Maganar matasa nake yi. A 1999 girgizar ƙasa ta kashe mutum sama da dubu 17 a yankin Izmit, masu aikin ceto na Girka na cikin waɗanda suka fara isowa. Ba a yi wata guda ba ta auka wa Atens, babban birnin Girka, Turkawa suka rama alheri. Daga nan ministocin waje, Papandreou na Girka da Ismail Cem na Turkiyya, suka samu ƙofar zama. Shekara uku kafin haka saura ƙiris ƙasashen biyu su gwabza a kan duwatsun Imia da ba kowa a kai.

Malam Sabo: Kardak sunansu, Girkawa ne ke cewa Imia. Ka ga abin da nake faɗa? Kwana biyu kawai, har sunayensu ka ɗauko.

Anti Zulai: Ni abin da ya dame ni, Nasiru, yarinyar nan da ka zauna kusa da ita a hoto, iyayenka sun gani?

Hajiya Rabi: Haba Zulai, yaro ya zo da magana mai ma'ana kin koma kan kujera.

Anti Zulai: Ɗan ƙawata ne, ina da hakkin tambaya.

Usman Maraɗi: Wai ma gahawar da kuka sha, ta Turkiyya suka kira ta ko ta Girka? Na ji tukunya ɗaya ce, suna biyu.

Ɗan Bello: Ta Turkiyya ce, ara suka yi.

Nasiru (Izmir): Yarinyar ta samu ƙauyen. Abokina ne ya raka ta. Ba mai son jin wannan?

Alhaji Tanimu (shugaban zaure): To, dare ya yi, zan rufe. Abin da na fahimta: an yi ittifaki cewa kalmar mamaya kuskure ce, kuma Malam Sabo da Ɗan Bello sun kawo hujjoji da shekaru. Hajiya Rabi ta yi tambayoyi, an amsa mata. Usman ya janye maganarsa. Ni kaina na je Santanbul sau biyu, ban ga mutanen da suka kai Turkawa karamci ba. Nasiru, ka ci gaba da zama da baƙinku, amma ka riƙa tauna kalma kafin ka rubuta. Duk wanda ya sake tayar da zancen Saifurus yau zan cire shi.