Haɗin gwiwar jami'a da ma'aikata kan gandun daji: in sa hannu yanzu ko in jira?

Maman_Ilham:
Salam 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema wajen wanda ya taɓa shiga irin wannan. Ma'aikatar muhalli ta gayyaci sashenmu na nazarin tsirrai mu haɗa kai kan wani gandun daji da masu katako da masu gawayi suka fara cin gefensa, mu da ɗalibai mu riƙa auna bishiyoyi muna ƙirga namun daji, su kuma su ba mu izinin shiga da masu gadi. Ni aka ɗora wa rubuta yarjejeniyar. Daraktan da ke son abin saura wata 4 ya yi ritaya, yana cewa mu sa hannu a takarda shafi 2 sauran a tattauna daga baya. Abu biyu ne ba a fayyace ba, wa zai riƙe asusun, kuma bayanan da muka tara na waye. In sa hannu ko in jira ko da zai tafi?

Ɗan_Kurmi:
Anti ku fara sayen jirgi mara matuƙi, ba shi ba aiki yanzu.

Ummu_Taswira:
Ba tambayarta ke nan ba. Kuma hotunan tauraron ɗan adam na Landsat kyauta ne tun 2008, ga shafin sa ido kan dazuzzuka na Global Forest Watch da ke amfani da bayanan Jami'ar Maryland, daga kwamfutarka za ka ga inda aka sare.

Dakta_Gandu:
'Yar uwa kar ki sa hannu. Wlh ko yanzu in na tuna namu sai raina ya ɓaci. Mu ma shafi 2 muka sa wa hannu, aka yi hoto aka yi tafi. Shekara 7 muna aiki, mun keɓe filaye 12 a cikin dajin, kowace bishiya mun buga mata lamba da ƙarfe muna auna kaurinta duk shekara, ɗalibai uku digirinsu na uku a kan wurin yake. Da aka canza shugabanni a ma'aikata sabon da ya zo ya ba wani kamfani izinin sara a daidai inda filayenmu suke, muka je da takarda, ya karanta ya ce ina taswira, ina iyaka? Babu. Haɗin kai wajen kiyaye muhalli kawai aka rubuta. Na je da kaina na tsinci lambobin ƙarfen a ƙasa tsakanin kututture, guda ɗaya tana nan a durowata. Ɗaya daga cikin ɗaliban ya bar karatun gaba ɗaya, yaro mai ƙoƙari. Irin wannan awo sai ya daɗe yake magana, ku dubi fili mai hekta 50 na tsibirin Barro Colorado a Panama, tun 1980 aka kafa shi har yau ana aunawa saboda wurin yana da kariya ta doka. Mu namu alkawarin baki ne aka buga a takarda.

Maman_Ilham:
Innalillahi. Allah ya mayar da alheri Dakta. To in na saka taswira da iyaka a shafi biyun fa?

Akawu_Sani:
Maganar asusu, kar ki bari ya shiga na jami'a, namu kashi 25 cikin 100 ofishin bosa ya yanke kafin mu ga ko kwabo.

Ummu_Taswira:
25 kuma? Mu kashi 10 ne, kuma a rubuce yake.

Akawu_Sani:
10 a rubuce, ki lissafa da kuɗin odita da na mota ki gani.

Ɗan_Kurmi:
Mu ma'aikata ce ta riƙe, ba a yanke komai ba amma sai da damina ta wuce kuɗin dashe ya fito, dashen duk ya mutu a leda.

Farfesa_M:
Ku daina kallon asusu, ku kalli tushen kuɗin. Kosta Rika ta yi dokar daji a 1996, daga 1997 ta fara biyan masu filaye don su bar dajinsu tsaye, kuma an ɗaura kuɗin a kan harajin man fetur, ba a kan ra'ayin darakta ba. Duk haɗin gwiwar da ba shi da gurbi a kasafi zai mutu ranar da mai shi ya tafi.

Tsohon_Malamin_Daji:
Ranka ya daɗe Farfesa, ita wata 4 gare ta kai kana kawo mata dokar ƙasa guda. Shekara 28 na yi a daji, na ga malaman jami'a kala kala, su zo da rani sati 2 su koma. Ki sa hannu 'yata, darakta mai son daji ba kullum ake samu ba, in ya tafi sai ki shekara kina bin fayil ofis ofis.

Farfesa_M:
Baba ina girmama shekarunka, amma irin wannan gaggawar ce ta kai Dakta inda ya faɗa.

Tsohon_Malamin_Daji:
Wanda ya kwana a dajin shi ya san inda ruwa ke zuba.

Ɗan_Kurmi:
Ku saka birai a kwamitin kawai, su kaɗai ne ba a yi wa canjin wurin aiki 😂

Hajiya_Rabi:
Kai Ɗan Kurmi Allah ya shirya. Amma tunda Baba ya taɓo, ni abin da ke damuna masu gadin nan. Su ne ke nuna hanya, su suka san sunan kowace bishiya da lokacin da take fure, a rubuta bincike a buga ko sunansu babu, alawus ɗin ma sai an yi ta roƙo.

Tsohon_Malamin_Daji:
Allah ya miki albarka. Akwai baƙin da suka zo daga waje na kai su wajen masu maganin gargajiya, suka cika jaka da saiwa da ɓawo, har na yi ritaya ban ji sakamako ba.

Farfesa_M:
Don haka ƙasashen duniya suka yi yarjejeniyar Nagoya kan amfani da albarkatun halittu da ilimin gargajiya a 2010, ta fara aiki 2014, sai da izini kuma sai an raba amfani.

Hajiya_Rabi:
Wa ya taɓa karanta wa mutanen gefen dajin ita? Su fa ko a takardar Maman Ilham ban ji an ambace su ba.

Maman_Ilham:
Gaskiya ne Hajiya ba su ciki, zan gyara. Amma jama'a ranar Litinin zan ga darakta, maganar bayanan fa, na waye?

Tsohon_Malamin_Daji:
Ni dai har yau ina bin alawus na wata 9, kuma duk takardun suna hannuna.