Neman shawara: an ce kunyata da saurin kukana ba su dace da aikin jinya ba

Wata mamba (a sakaya sunana):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina shekara ta biyu a makarantar koyon aikin jinya. Ta fannin karatu alhamdu lillahi, na haye PTS (jarrabawar tantancewa ta farkon karatun jinya) lafiya, jarrabawa ba ta ba ni wahala. A asibiti matsalar take. Ina da kunya ƙwarai, da likitoci sun shigo zagayen safe sai bakina ya mutu, ko abin da na sani na kasa faɗa. Ga raunin zuciya: ranar da wani yaro ya rasu a ɗakin yara sai da na ɓuya na yi kuka. Sistar da ke kula da mu ta ce min, a gaban ƙawayena, wai ba ni da zuciyar wannan aiki. Yanzu ina tunanin komawa fannin gwaje-gwaje inda babu yawan hulɗa da jama'a. Don Allah ku ba ni shawara.

Wani ɗan uwa:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, hali zanen dutse. Asibiti sai mai dakakkiyar zuciya. Gara ki canza tun kafin ki ƙara ɓata shekara.

Ungozoma mai ritaya:
'Yata, kada ki bi wannan shawarar, Malam ka yi haƙuri. Kukan ba ya ba ni tsoro ko kaɗan, tunda kin iya riƙe shi har kika bar gaban iyayen yaron. Ɗalibar da nake tsoro ita ce mai sakaci: wadda za ta rubuta awon jinin da ba ta auna ba, ko ta yi allura ba ta sake duba sunan da ke jikin kati ba. Irin su sau da yawa bakinsu ya fi na kowa kaifi, ana ta yabon kuzarinsu.

Amma kunyar nan, a kanta ba zan lallashe ki ba. An tarbiyyantar da mu kada mu katse babba, kuma tarbiyya ce mai kyau a gida. A ɗakin haihuwa kuwa, macen da ta zubar da jinin da ya kai rabin lita bayan ta haihu tana cikin haɗari, kuma wani lokaci ɗaliba ce kaɗai ke tsaye a kanta. Idan kika tsaya jiran likita ya gama magana don kada a ce ba ki da kunya, rai ne zai tafi. Nan dole ki ɗaga murya, ko wane ne a wurin.

Ɗalibin likitanci, aji biyar:
Maganar Hajiya tana da madogara. Wani bincike da aka wallafa a 2002 kan ɗaliban likitanci a Beljiyam ya nuna cewa halin tsari da kula da aiki shi ya fi hasashen sakamakonsu a shekarun farko. Da aka ci gaba da bibiyar su, sai aka ga sakin jiki da mutane yana ƙara amfani idan aka shiga shekarun asibiti. Wani kuma a Amurka, a 2009, ya gano tausayin ɗalibai yana raguwa a shekara ta uku, daidai lokacin da suka fara hulɗa da marasa lafiya. Wato abin da ake zagin ki a kai shi wasu ke rasawa.

Ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje:
Anti, mu ma ba maɓoya ba ce. Kullum muna ɗibar jinin yara suna tsala ihu, kuma mu ke fara ganin mummunan sakamako. Digirin shekara 5 ne, sai kin sake zama JAMB. Idan son aikin ne ya kawo ki, marhaba, amma ba gudun sista ba.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Mama, to yaya zan yi da bakin nan da ke mutuwa?

Ungozoma mai ritaya:
Ki ajiye ƙaramin littafi a aljihu. Kafin zagaye ki rubuta abu huɗu kan kowane majinyacin da aka ba ki: halin da yake ciki yanzu, abin da ya kawo shi, abin da kika auna, da abin da kike ganin yana bukata. Aka tambaye ki, karantawa kawai za ki yi. Ki roƙa a bar ki ki riƙa miƙa rahoton majinyaci ɗaya lokacin canjin aiki, sannan ki nemi wata sista mai sauƙin kai ta saurare ki kafin lokacin. Idan kuma kukan ya kai yana hana ki barci ko cin abinci, wannan daban ne, ki je ki ga likita.