Sabon shiga golf: wace sanda zan fara saya, ina kuma zan buga?

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Likita ya matsa mini in riƙa tafiyar ƙafa, shi ne na yi rajista a kulob ɗinmu nan Kaduna. Wani mai shago ya nuna mini cikakken saitin sanduna sabo dal a leda, kuɗin ba kaɗan ba. Ku ba ni shawara kafin in biya.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Alhaji kada ka biya tukuna. Doka ta yarda ka ɗauki sanduna 14 a jaka, amma sabon shiga ko rabinsu ba zai taɓa ba. Nemi na hannu: fota ta tura ƙwallo rami, ƙarfe mai lamba 7 da mai lamba 9, weji na fito da ƙwallo daga yashi, sai katako mai lamba 5. Direba, wato doguwar sandar bugun nesa, ka bar shi sai hannunka ya faɗa, shi ne ke aika ƙwallon sababbi cikin daji.

Maman Sadik: Ni kuma na ce kuɗin da ya rage ka ba koci. Riƙon sanda da tsayuwa in suka karkace tun farko, gyaransu sai an sha wuya. Ka sayi takalmi mai kama ƙasa, da hula, da gorar ruwa. Ƙwallo kuwa ka karɓi tsofaffi wajen yaran kadi, masu ɗaukar wa 'yan wasa jaka, don za ka zubar da su da yawa.

Baban Ummi: Hajiya kin fara tsorata ni 😂

Kawu: Ba tsoro ba ne ɗana, kowa ta nan ya bi. Abin da zan ƙara: ka samu kadi ɗaya ka riƙe shi, ka kyautata masa. Yaran nan sun san gangaren kowane rami, sun san inda iskar hunturu ke karkatar da ƙwallo, wasunsu ma sun fi iyayen gidansu iya bugu nesa ba kusa ba. Da yawa cikin ƙwararrun ƙasar nan daga ɗaukar jaka suka taso.

In ka ɗan kama hannu, ka je Jos ka buga a Rayfield. Tun 1913 yake, zamanin Turawan haƙar kuza, kuma shi aka fi ambata a matsayin fili mafi tsufa a Najeriya. Ga sanyi, ga duwatsu kewaye da kai. Mu da muka koya a Arewa ba a kan ciyawa muka fara tura ƙwallo rami ba. Ruwan ban ciyawa da rani ya yi tsada, sai a zuba yashi a cakuɗa da baƙin mai a kewayen ramin, a share maka hanya sumul kafin ka buga. Yaran yanzu suna raina wannan, ni kuwa ina ganin ya koya mana buga ƙwallo da ƙarfin zuciya, don a yashi in ka yi sanyin hannu a hanya za ta tsaya.

Injiniya: Kawu ya taɓo tarihi, yau sai dare. Alhaji, in ciyawa kake so ka gani ta gaske, filin IBB na Abuja, rami 18. Amma ka tafi da ƙwallaye da yawa, akwai ruwa.

Kawu: Bari in ƙarasa mana. Gasar Najeriya da aka riƙa yi a Ikoyi ba ƙaramar gasa ba ce a da. Sandy Lyle ya ci a 1978, Vijay Singh ya ci a 1988 da 1989, dukansu kafin su lashe manyan kofunan duniya.

Dakta: Gaisuwa daga Sikotlan. Baban Ummi, duk wanda Allah ya kawo shi nan ya leƙa St Andrews. Can aka mayar da ramuka daga 22 zuwa 18 a 1764, sauran duniya ta bi. Tsohon filin na jama'a ne, ana shiga ƙuri'a kwana biyu kafin ranar bugu, sai dai za su nemi shaidar handikaf, wato lambar da ke nuna matakin iyawarka. Ranar Lahadi ba a bugu, mutanen gari ke yawo a kai da 'ya'yansu.

Auta: Yaya, ka nemi zagayen ƙarshe na Masters ta 2025, ɗaya daga cikin manyan gasannin golf huɗu na duniya, a YouTube. Shahararren ɗan wasan nan Rory McIlroy ya yi ta ɓarar da tazarar da ya bayar, sai da aka je ƙarin rami da Justin Rose kafin ya ci, ya zama na shida da ya haɗa manyan kofuna huɗu. In shi hannunsa zai yi rawa, kai ma kada ka damu. Ni dai har yanzu ina bayan LIV, gasar nan da ta zo tana hamayya da tsofaffin gasanni, kuɗin Saudiyya sun motsa wasan.

Maman Sadik: Auta, rigimar LIV ba yau ba don Allah. Mutum ko sanda bai saya ba.

Baban Ummi: Shi handikaf ɗin fa, ya ake samu?

Injiniya: Ka riƙa miƙa katin makinka ga kulob duk wasan da ka gama. A tsarin da aka fara a 2020, ana ɗaukar mafi kyau 8 cikin wasanni 20 na ƙarshe a fitar maka da lamba, shi ya sa za ka iya karawa da Kawu ba a zalunce ka ba. Dokoki biyu kuma ka haddace tun yanzu, sun canja a 2019: minti 3 kacal ake neman ɓatacciyar ƙwallo, kuma in doka ta ce ka saki ƙwallo ƙasa da hannu, daga tsayin gwiwa ake sakinta, ba kafaɗa ba. In ƙungiyar bayanku ta fi ku sauri, ku ba su hanya su wuce.

Kawu: Kuma a yi shiru in mutum zai buga. Waya a aljihu.

Baban Ummi: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na fasa sabon saitin. Wa ke da na hannu?

Injiniya: Akwai tsohuwar jakata a gida, ka gwada tukuna, in ta yi maka mu yi ciniki. Asabar ƙarfe 6:30 na safe, mu haɗu a wajen atisaye kafin rana ta yi zafi.