Wace kalma za mu sa wa "ihtilal"?

Ɗalibi a Madina:
Assalamu alaikum, malamaina. Larabawa sun raba gazwu da ihtilal: na farko shigar soja ƙasar wasu, na biyu zaman da suke yi bayan nan suna juya akalar mutane. Mu duka "mamaya" muke cewa. Abin yana damuna, domin a kan zaman nan doka ta ɗora nauyi.

Malamin makaranta a Jidda:
Wa alaikumus salam. Me zai hana "mulkin mallaka"?

Dattijo a Makka:
A'a malam, mallakar ai ita aka hana wanda ya mamaye. Dokokin yaƙi na Hague na 1907 sun ce gine-ginen gwamnati da gonakinta da dazuzzuka, morarsu kawai zai yi, ya kiyaye asalinsu. Dole ya maido da tsaro, ya mutunta dokokin da ya tarar. Ni dai "riƙon mamaya" na zaɓa. Duk wanda ya taɓa riƙon yaro ya sani: cinsa da maganinsa suna wuyanka, amma ba ɗanka ba ne.

Ɗalibi:
Baba, riƙo ai ba ka ake yi. Wannan da bakin bindiga ya karɓa, kada mu wanke shi.

Dattijo:
Shi ya sa na bar "mamaya" a jiki, ɗana, ita ke faɗin zaluncin. "Riƙo" kuwa shi ke ba wanda aka danne bakin tambaya. Yarjejeniyar Geneva ta huɗu, ta 1949, ta wajabta masa samar da abinci da magani, ta hana shi korar 'yan ƙasa ko kwaso nasa ya zaunar. A Afrilun 2003 aka wawashe gidan tarihi da asibitocin Bagadaza, sojan Amurka na cikin gari. A watan Mayu ƙuduri na 1483 na Kwamitin Tsaro na Majalisar Ɗinkin Duniya ya tabbatar nauyin Iraƙi yana kan Amurka da Birtaniya. Kuma ana biyan diyya. Muna nan a 1990, da Iraƙi ta mamaye Kuwait, Kuwaitawa suka kwararo da iyalansu, motoci maƙare da katifu, gwamnatinsu ta sauka Ɗa'if. Diyyar wannan, dala biliyan 52.4, sai 2022 Iraƙi ta gama biya.

Malamin makaranta:
Na janye tawa, Alhaji. To ita ƙasar da ta shigo fa?

Dattijo:
"Mai riƙon mamaya." Idan ta shiga ta fita ba ta kafa iko ba, "mamaya" kaɗai ta isa.