Fayil ɗaya ko fayiloli da yawa? Muhawara kan haɗa module (lambar da ake loda wa kernel daga baya) na kernel ɗin Linux

Daga Kabuga: Jama'a, ni dai ina kan bakana: raba direba (lambar da ke sarrafa na'ura), a ce mai suna sensa, zuwa main.o da i2c.o da sysfs.o wahalar da kai ne. A saka #include "i2c.c" da #include "sysfs.c" a cikin sensa.c, a rubuta obj-m += sensa.o a Makefile, shi ke nan. Kernel ɗin kanta haka take yi, ku duba kernel/sched/build_policy.c.

Daga Zoo Road: Malam, an ji, amma wancan an yi shi ne a kernel 5.18 don rage lokacin haɗa scheduler (sashen da ke raba wa ayyuka lokacin CPU), inda manyan header ke cin lokaci. Direbanka mai layi dubu biyu ba shi da wannan matsalar. Kuma kbuild, tsarin haɗa kernel, layi biyu kawai take so:

obj-m += sensa.o
sensa-y := main.o i2c.o sysfs.o

Sai make -C /lib/modules/$(uname -r)/build M=$PWD modules. Ina wahalar?

Daga Kabuga: Wahalar tana zuwa ne ranar da ɗalibi ya sa wa babban fayil suna sensa.c.

Daga Gyaɗi-gyaɗi: To wannan gaskiya ce, ita ta fi kayar da mutane. Idan sensa.o ne sunan module kuma shi ne ɗaya daga cikin sassan, make zai ce Circular dependency dropped, lambar sensa.c ba ta shiga, sai modpost, matakin da ke duba module a ƙarshe, ta yi kukan babu MODULE_LICENSE alhali ka rubuta shi. Amma maganinsa sauya suna ne zuwa sensa_main.c, ba a ƙona gida don ɓera.

Hanyarka ta #include kuma, Malam na Kabuga, tana da nata ramin. Duk static ɗin da ke i2c.c yanzu yana tukunya ɗaya da na sysfs.c. Ka sa static int count = 0 a biyun, gcc ta ce redefinition. Macro ɗin da ka ayyana a na farko ya malala cikin na biyu ba tare da sanarwa ba. Ka taɓa layi ɗaya, komai ya sake haɗuwa, make -j ba ta da abin rabawa.

Daga Sabon Gari: Yaya, tambaya: in na raba, ai sai na yi EXPORT_SYMBOL kafin main.c ya ga aikin i2c.c ko?

Daga Zoo Road: A'a ƙanwata. ld -r ce ke haɗe fayilolin .o kafin a fitar da .ko, wato fayil ɗin module. Ki cire static, ki bayyana aikin a sensa.h. Variable kuwa extern a header, ainihin ayyanawa a fayil ɗaya tak, in ba haka ba multiple definition. EXPORT_SYMBOL na tsakanin module biyu ne, can ne Module.symvers da KBUILD_EXTRA_SYMBOLS ke shigowa. module_init ma sau ɗaya, domin duk suna zama init_module.

Daga Kabuga: Cire static ɗin nan ne ba na so. gcc ta daina gargaɗin aikin da ba a kira.

Daga Gyaɗi-gyaɗi: Nan kam ka samu maki, Malam. Amma ni har yanzu sensa-y zan koya wa yara.