An taɓa ce muku "sai kun biya" ko "sai da ɗan sanda" a sashen gaggawa?

Mai buɗe zance: Salamu alaikum 'yan uwa. Duk wanda ya taɓa kai mara lafiya asibiti rai a hannun Allah aka tsayar da shi a ƙofa, ya ba mu labari. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin duba wanda ke cikin halin gaggawa, ko da wane dalili. Hukuncinsa tarar naira 100,000, ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyu.

Direban adaidaita: Wa alaikumus salam. Na taɓa ɗauko wani yaro da mota ta buge, ban san shi ba. Aka ce in yanki kati, in ajiye kuɗi. Fasinjojina ne suka yi karo-karo. Abin da ya fi ci mini rai, sai tambayata ake ko ni na buge shi.

Ɗan kasuwar hatsi: Ni ƙanina 'yan bindiga suka harba a cinya a hanyar ƙauye. Wani asibitin kuɗi ya ce ba za su taɓa shi ba sai da takardar 'yan sanda. Muka wuce wani, jini na zuba. Allah ya sa da sauran kwana. Daga baya na ji cewa tun 2017 Buhari ya sa hannu a dokar da ta tilasta karɓar wanda aka harba, da takarda ko babu, kuma ba a neman kuɗin ajiya. Asibitin ne ma zai sanar da 'yan sanda cikin awa biyu da fara magani.

Wata nas: Allah ya ƙara sauƙi, Alhaji. Amma ku ji namu. Akwai daren da na yi aiki babu safar hannu, babu ruwan ƙari, da fitilar waya na yi ɗinki. Idan na ce a sayo kaya, wallahi babu ne a ɗakin ajiya. Sai dai ban yarda da masu korar mutum ba tare da sun tsayar masa da jini ba. Ka ɗaure ciwon, sannan ka rubuta takardar tura shi gaba.

Ɗan kasuwar hatsi: Gaskiya ne, Sista. Su ko tsumma ba su ɗaura masa ba.

Mai buɗe zance: Alhaji, idan likita ne, hukumar kula da aikin likitoci ta Najeriya, wato MDCN, ce ke karɓar ƙorafi. Kun riƙe sunansa da ranar?