Wai ni kaɗai ne nake jin daɗin zaman gosulo?

Ɗan Rijiyar Lemo:
Salam jama'a. Tambaya ce da ni amma don Allah kar a min dariya. Kullum daga Rijiyar Lemo nake shigowa Kwari, wataran a adaidaita wataran maƙocina ya rage min hanya a motarsa, kuma duk wanda ya san titin Katsina ya san yadda Kurna take cushewa da safe. To ni wannan lokacin da kowa yake tsaki a kansa shi ne kaɗai nawa. A gida yara, a shago kwastoma da maigida, amma a hanya ba mai nemana, a nan nake azkar ɗina, a nan nake lissafin rayuwa, wani sa'in ma rubutun bayan motoci kawai nake karantawa. Ranar da raina ya ɓaci na ga an rubuta "Mahaƙurci mawadaci" a bayan wata tifa wlh sai na ji kamar da ni ake. Maƙocin nawa ya ce wahala ce ta bi jikina har na fara yi mata kirari. Akwai mai jin irin haka ko in je a duba ni?

Ƴar Mararaba:
Malam je a duba ka kam 😂 Ku na Kano ai wasa kuke, zo ka gwada Mararaba zuwa Nyanya zuwa shataletalen AYA a Abuja ranar Litinin sannan ka dawo mu yi maganar daɗi. Mutane kafin asuba suke fitowa sbd in ka bari gari ya waye ka shiga uku, wasu a bakin titi suke sallah, yaro yana barci uwarsa ta fita yana barci ta dawo. Tunda aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota ya cinye albashi, masu motar kansu ma sun koma ɗaukar fasinja don su haɗa na mai. Kuma wane tunani zan yi alhali ina ƙanƙame da jaka ina kallon fuskar kowa ko ƴan wan-cans ne, masu ɗaukar fasinja su yi masa fashi? Jirgin ƙasan cikin gari da aka sake buɗewa a 2024 ta Idu ya bi zuwa filin jirgi, mu da muka fi kowa yawa ko ƙamshinsa ba ma ji. Ni dai abu ɗaya zan yarda da kai, akwai matan da kullum muke haɗuwa a wajen jiran mota, ban san gidan ko ɗaya ba amma yanzu har adashi muke.

Mai Sahu:
Yallaɓai kai kana baya kana tunani, ni ina gaba ina tunanin balas da kuɗin mai, ba ɗaya ba ne. Amma maganarka akwai gaskiya a ciki. Ni duk labarin garin nan a keke nake jinsa kafin rediyo ta faɗa, farashin buhun shinkafa a Singa, wa zai sauya sheƙa, auren wa ya mutu. Mutum uku a baya ɗaya a gefena, ba wanda ya san wani, amma kafin mu je Bata sun gama raba Najeriya sun gyara ta. Lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023 na ga abin da ba zan manta ba, taransifa ta ƙi tafiya, tsohuwa ba ta da ko sisi a hannu, sai kawai ka ji wani can gefe ya ce direba cire har da na Baba. Har yau ana yi kuma, ba sai an san juna ba. Masu gilas a rufe da esi ba sa ganin wannan.

Tsohon Ma'aikaci:
Ɗana, ba abin da ke damunka. Ku yara ba ku san Kanon da muka yi zirga-zirga a cikinta ba, zamanin hayis da kwandasta yana leƙo da kai yana kiran Bata Bata, sannan acaɓa ta zo ta cika gari da hayaƙi. Keken nan da kuke hawa zamanin Malam Shekarau aka kawo shi musamman don mata su huta da hawa babur, sai da aka hana acaɓa a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero sannan ya zama na kowa da kowa. Gadar Ƙofar Nassarawa ma a gabanmu aka yi ta, haka ta Dangi. Ni duk inda na bi sai na tuna me ke wurin a da, ga badala tana ta zaizayewa muna wucewa ba mai ɗaga kai. Da na yi ritaya na ɗauka hutu zan ji, ashe fitar nan ita ce take sa in san ranar Talata daga Laraba. Yanzu ba gaira ba dalili nake cewa a kai ni Kurmi. Shawara ɗaya, in kai ne kake tuƙi ka bar dogon tunani, ka sa karatu ko rediyo a hankali ka duba gabanka, ƴan sahu ba sa ba da sigina.

Mai Sahu:
Baba a yi mana afuwa mana, muna bayarwa, da ƙafa 😅

Ɗan Rijiyar Lemo:
Na gode Baba, Allah ya ƙara lafiya. Hajiya ta Mararaba ke kuma Allah ya kawo muku sauƙi, naku ya fi ƙarfin kirari gaskiya. Mai Sahu in kana bin layin Kurna da safe ka min magana ta inbos, amma fa baya zan zauna, gefen direba ya gama min da gwiwa.